Ƙwallo a Gonar Baba Sale

Kwana tara ke nan hadari yana haɗowa ta gabas da la'asar, ya yi baƙi ƙirin, ya turo iska mai sanyi, sannan ya watse ya bar mu da gumi. Shamuwa ta zo tun tuni, har ta gama sheƙa a kan tsamiyar masallaci. An kai taki, an yi sharar gona, iri yana cikin buhu yana jira. Ba wanda yake da aikin da ya wuce ya zauna a inuwa yana leƙen sama.

Jiya ina zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida da rediyo a gefena, sai aka zo labarin wasanni. Wai wata ƙaramar ƙasa ta fasa wasannin sada zumuntar da ta shirya wa 'yan ƙwallonta, saboda kuɗin jirgi da masauki da cimar baƙi sun fi ƙarfinta. Ɗana Nura, wanda ƙwallon Turai ta cinye wa rai, ya fashe da dariya.

"Ƙasa guda fa, Baba, da tutarta da komai. Ta kasa kiran baƙi su zo a buga ƙwallo."

Na ce, "Ka taɓa kiran baƙo goma sha biyar a irin wannan watan?"

Ya ce a'a. Na ce to ya rage dariyar, don ni na taɓa, kuma na san yadda take.

Ina ɗan shekara ashirin da ɗoriya a lokacin, ni ne mai tsaron gida na ƙungiyar ƙauyenmu, ni ne kuma mai bakin magana, don duk inda aka je ni ake turawa gaba. Ƙauyenmu yana tsakanin Minjibir da Ɗambatta, kuma duk wanda ya san ƙasar nan ya san ba mu da jeji. Gona tana jingine da gona, iyakarsu layin bini-da-zugu ne ko ɗan gamba. In ka ga taƙi ɗaya na ƙasa babu shuka, to hanya ce ko maƙabarta. Filin makarantar firamare kuwa rijiya ce a tsakiyarsa. Saboda haka filin ƙwallonmu gona ce, gonar wani dattijo, Baba Sale, wadda take shimfiɗe sumul a bayan gari, babu itace a cikinta sai gawo ɗaya can a gefe.

Baba Sale bai taɓa kallon ƙwallo ba, kuma bai ɓoye mana cewa aikin banza ce a wurinsa ba. 'Ya'yansa maza biyu suna Kano suna tura kura, daga shi sai matarsa Iya Mairo a gida. Amma duk shekara in an kwashe amfani, muka je muka durƙusa, sai ya ba mu aro. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma ba ya canza ko kalma a ciki.

"Ku yi ta tsalle-tsallenku. Ranar da ruwan shuka ya sauka, gonata ce."

Mu kafa itatuwan turare biyu-biyu, mu ɗaura igiyar rama a sama, mu ja layi da tokar da muke bi gida-gida muna roƙo. Shi ke nan an yi fili.

A kakar da ta gabaci wannan lokacin ne wata ƙungiya daga wani ƙauye a ƙasar Kunci ta gayyace mu. A ƙa'idar wasan sada zumunta irin namu, mai gida shi ke ɗaukar komai: kuɗin motar da za ta ɗauko baƙi ta mayar da su, abinci, goron alƙalin wasa, har ruwan da za a sha. Kamar biki take, in an yi maka sai ka rama. Mutanen nan suka aiko mana da mota har ƙofar gari, suka yanka mana akuya, suka cika mu da shinkafa har numfashi ya yi mana wuya, sannan suka shiga fili suka zura mini huɗu. Har yau ina zargin shinkafar nan da biyu daga ciki.

Da za mu tafi, kyaftin ɗinsu Lawandi, wani dogo mai wushirya da ba ya magana sai da murmushi, ya riƙe hannuna ya ce sai yaushe. Nan bakina ya ja mini. A gaban mutanen garinsu, manya da yara, na ɗaga murya na ce kafin ruwa ya sauka za mu kira su, kuma abin da suka yi mana sai mun ninka. Aka yi tafi. Ado, kyaftin ɗinmu, ya taka mini ƙafa, amma magana ta riga ta fita.

Abin da na manta, ko na ce na ƙi tunawa, shi ne daminar da ta wuce ba ta yi mana kyau ba. Ruwa ya ɗauke a lokacin da gero yake cikin fitar da kai, dawa kuwa rabinta ta tsaya a kara. Tun kafin sanyi ya wuce aka fara shiga rumbu da tsani, ana sunkuyawa can ƙasa. Da bazara ta kama, gidanmu ya koma tuwo sau ɗaya, da daddare. Da safe kunu ne tsararo wanda kana iya hango gindin ƙwarya ta cikinsa. Da rana kowa ya nemi abin da zai yaudari ciki da shi: garin rogo da ƙuli-ƙuli in an samu, in ba a samu ba garin ɗorawa a dama da ruwa. Bakin yara duk ya yi rawaya da ɗorawa a shekarar.

Ga zafi. Tun hantsi ƙasa take ƙona tafin ƙafa, kaji su buɗe baki su saki fukafukai a ƙarƙashin rumbu. Rijiyar unguwarmu ta ja baya har sai an ƙara wa guga igiya, kuma abin da yake fitowa rabi ruwa ne rabi laka. Inna takan zuba shi a randa ta bari ya kwanta kafin a sha.

A cikin wannan halin ni nake yawo da zancen ƙwallo.

Ado ya ce mu aika musu a ɗaga sai wata kakar, ba wanda zai zarge mu. Na ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gaskiyar magana kuwa kunya nake ji. Duk lokacin da na rufe ido sai in ga wushiryar Lawandi da mutanen da suka tafa mini.

Muka shiga neman kuɗi da ƙarfinmu, tunda shi kaɗai muke da shi. Da sassafe mu ari jakuna mu yi ta jigilar taki a mangala zuwa gonakin masu hali, mu zube shi tsibi-tsibi. In rana ta yi sama mu koma kududdufin da ya ƙafe mu kwaɓa ƙasa mu yi tubali. Da ruwa ya matso, masu soraye suka fara neman a yi musu yaɓen rufi, muka hau muka yi. Sau biyu ni da Ado muka shiga yashe rijiya, inda in ka ɗaga kai sai ka ga sama ta koma kamar faifai. Abin da aka biya mutum, kashi biyu na gidansu ne, wannan ba a ma tattauna shi. Kashi na uku shi ake jefawa a wani gwangwanin madara da muka huda wa baki, wanda yake ajiye a shagon Ado.

Gwangwanin nan ba ya cika. Mu goma sha huɗu muka fara, amma yunwa ta kori uku zuwa Kano ci-rani, har da mai buga mana gaba. Ƙwallonmu ta fashe, baduku ya ɗinke, ta sake fashewa a gefen ɗinkin, dole aka sayi sabuwa, don ba a tarbar baƙo da ƙwallo mai ƙari a ciki. Rigunanmu singileti ne da muka kai marina aka tsoma a baba. Malamin firamare da zai yi mana alƙalanci ya ce ba ya son komai, sai dai usur ɗinsa ya ɓata, a saya masa wani.

Babban dutsen shi ne mota. Akwai wani direba a tashar Ɗambatta, Ɗan'azumi, mai wata tsohuwar bas da ake ɗaure ƙofarta da roba. Duk zuwan da na yi wurinsa sai kuɗin ya ƙara tsawo. Yau mai ya hau, gobe taya ce, jibi hanyar ƙauyen su Lawandi yashi gare ta.

"Sawu huɗu ne fa, Habu," in ji shi. "In je wofi in ɗauko su, in mayar da su in dawo wofi. Motar ba ta san zumunta ba."

A kasuwar Ɗambatta nake haɗuwa da Lawandi, don yakan rako babansa sayar da awaki. Sau biyu ina sa rana ina ɗagawa. A karo na biyu ya dube ni yana murmushin nan nasa ya ce, "Mai tsaron gida, in tsoron ci kuke ji, ka faɗa mini, sai mu bar manyanmu a gida." Na yi dariyar yaƙe, na ce Asabar ta sama, ba fashi. Na je na damƙa wa Ɗan'azumi rabin kuɗinsa. Abin da ya rage na auno shinkafa da wake da man gyaɗa da barkono, na ɗaura a bayan keke.

Ban manta kallon da Inna ta yi wa kayan nan ba da na sauke su a tsakar gida. Ƙannena suka kewaye buhun suna shafawa. Ta sa hannu ta ɗebi shinkafar, ta bar ta ta zube ta tsakanin yatsunta.

"Wata nawa rabon gidan nan da ganin wannan?"

Na jingine keken a jikin katanga.

"Baƙi goma sha biyar za su ci, su bi ƙwallo da gudu su zubar da shi a ƙasa."

Na ce, "Inna, sun ciyar da mu."

Ta kakkaɓe hannunta. Sannan ta ɗaure bakin buhun ta ja shi ɗakinta, ta ce ita za ta dafa, don in aka bar wa matan da ba su san hannu ba, sai a kunyata gari. Ta kuma ja wa yara kunne cewa duk wanda ya taɓa zai gamu da ita.

A makon nan ne hadari ya fara haɗowa sosai. Gawon gonar Baba Sale ya fara zubar da ganye, alamar da kowane manomi ya sani. Wasu suka yi binne, wato suka shuka a busasshiyar ƙasa suna jiran ruwa ya tarar da irin. Baba Sale bai yi ba. Irinsa ɗan kaɗan ne, abin da ya tsira da shi daga bakin yunwa, ya rataye shi a tukunya can saman ɗaki inda ko shi kansa ba zai kai hannu da sauƙi ba. In ya binne aka yi yayyafi ya tsiro ya ƙone, ba shi da na biyu.

Ranar Alhamis liman ya sa aka fita roƙon ruwa. Gari duka ya fita filin idi da hantsi, tsofaffi da yara, har da awaki, aka juya riguna aka ɗaga hannu. Na ga dattijai suna hawaye. Ni ma na ɗaga hannu, ni ma ina cewa amin, amma a can ƙasan zuciyata ina ƙara wata 'yar magana da ba ta cikin addu'ar liman: Allah ka ba mu ruwa, amma bayan Asabar. Na san abin kunya ne. Cikina babu komai sai kunu, ƙannena suna kwana da yunwa, ga ni ina yi wa ruwa ciniki saboda ƙwallo.

Da yamma Inna ta same ni a tsakar gida na ƙura wa gabas ido. Ta ce, "Kai kaɗai ne a garin nan kake kallon hadari kamar ka hango maƙiyi." Ban musa ba.

Juma'a muka share fili, muka tsince ƙaya, muka ja sabon layin toka fari tas. Na tsaya a tsakiya na duba, ban taɓa ganin filin ya yi kyau kamar ranar ba.

Kiran assalatu na Asabar, ƙarar ruwa a kan kwanon zaure ce ta tashe ni. Ba yayyafi ba, ruwa ne na gaske, mai sauka a tsaye babu iska. Indararo ya fara zuba, Inna da yara suna ta jera tukwane da bokitai. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗaki, irin wanda yake sa mutum ya ji kamar ya ɗeba ya ci. Ta kowace katanga kana jin hamdala. Ni kuwa na zauna a bakin gado na dafe kai, na rasa ko murna zan yi ko kuka, don duka biyun suna cikina.

Gari na wayewa ruwan ya tsaya. Babana ya fita bayan katangar gidanmu ya tona ƙasa da hannu, danshi ya wuce wuyan hannunsa bai ƙare ba. Ya miƙe ya ce, "Na shuka ne." Kafin rana ta fito sosai gari ya zama kango. Duk mai ƙafa ya ɗauki sungumi ko ƙwaryar iri ya nufi gona, har da 'yan ƙwallonmu, don ba uban da zai saki ɗansa a irin wannan ranar. Ado ya wuce ni da sungumi a kafaɗa, ya buɗa hannu kawai ya yi gaba.

Na ɗauki nawa sungumin zan bi babana, sai ya tsaya ya dube ni.

"Baƙin naka fa?"

Na ce wataƙila su ma ruwan ya same su, ba za su zo ba.

"In bai same su ba fa? Kai ka kira su. Je ka tsaya a bakin hanya. In sun zo ka san abin da za ka gaya musu, in ba su zo ba ka same mu a gona."

Hanyar mota ta gefen gonar Baba Sale ta bi. Da na isa, layin tokarmu ya wanke, ko alamarsa babu. Baba Sale ya riga ya tuge itatuwan gidan ƙwallo guda ɗaya ya jingine su a gindin gawo. Yana tafe a sunkuye yana sara rami, Iya Mairo tana biye da ƙwarya tana jefa iri tana rufewa da dunduniya. Layi biyu kawai suka yi, yana ta haki. A yadda suke tafiya, kwana uku ba za su gama ba, rana kuwa ta fara fitowa da ƙarfinta.

Na durƙusa na gaishe shi. Na ce ko zai yi mana haƙuri zuwa la'asar, wuni ɗaya tak, gobe mu taru mu shuka masa.

Bai ko ɗago ba. "Ƙafa arba'in da huɗu a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, Habu. Kafin ku gama ta zama daɓe, gobe rana ta shanye abin da ya rage. Ka san wani ruwan yaushe zai zo?"

Na ce ban sani ba.

"Ni ma ban sani ba." Ya ci gaba da sara.

Ya fi ni gaskiya. Na koma bakin hanya ina roƙon Allah ya sa ruwan ya kai ƙasar Kunci, kowa ya zauna a gonarsa, kuɗin mota ya bi ruwa, ni dai in tsira da mutuncina.

Da hantsi sai ga bas ɗin Ɗan'azumi tana tangaɗi a cikin taɓo. Samanta da gilasanta busasshiyar jar ƙura ce, tayoyinta kaɗai suka jiƙe. Tun daga nan na gane. Ruwan farko haka yake, yanki-yanki, ya jiƙa wannan gari ya tsallake na gaba.

Suka sauko su goma sha biyar da rigunansu masu ruwan ganye, wasu sun rataya takalman ƙwallo a wuya. Na shirya magana tun ɗazu, amma da na buɗe baki sai ta gudu. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Lawandi, ga filin."

Ya duba gonar, ya duba tsohon da matarsa, ya duba itatuwan da aka tuge. Na jira dariya, na jira baƙar magana, kuma duk wadda ya yi na cancanta. Sai na ga ba ni yake kallo ba. Ya tsuguna ya cusa yatsunsa a ƙasa, ya damƙo ta ya matse, ta dunƙule a hannunsa. Ya kai hanci ya shaƙa. Sauran ma duk suna kallon ƙasar nan kamar mayunwaci ya ga tuwo.

"Mu ko ɗigo," in ji shi a hankali. "Mun ga walƙiyarku da asuba."

Ya miƙe ya kakkaɓe hannu, ya cire takalman daga wuyansa ya jefa cikin mota, ya nufi Baba Sale ya durƙusa.

"Baba, sannu da aiki. A ba ni sungumin nan, ka huta."

Baba Sale ya dube shi sama da ƙasa. "Kai ɗan ƙwallo ne ko manomi?"

"Ƙwallo ta rani ce, Baba."

Tsohon ya miƙa masa. Na ba wani nawa, na ruga cikin gari na tattaro sungumi huɗu da fartanya biyu daga gidajen da suka rage, da ƙore. Iya Mairo ta rarraba irin da hannunta, tana gargaɗin kowa kada ya wuce ɗan tsunkule, don babu wani a bayansa. Masu sara suka jeru a gaba kafaɗa da kafaɗa, masu jefawa suna biye, muka taso daga inda gidan da nake tsaro yake muka nufi ɗaya gidan. Sara, taku, sara, taku. Ƙasa tana buɗewa baƙa mai laushi, tururi yana tashi daga cikinta. Wani daga cikinsu ya ɗauko waƙar noma ta garinsu, sauran suka amsa. Har Ɗan'azumi, da ya gaji da zama a mota, ya naɗe wando ya karɓi fartanya, yana mita cewa wannan ba ta cikin cinikinmu.

Kafin azahar an gama gonar Baba Sale ƙaf. Ya bi layi-layi yana dubawa, bai sami abin gyara ba sai a layin Ɗan'azumi. Daga nan ban ma roƙe su ba, Lawandi ya tambayi ina gonarmu take. Babana ya ɗago ya ga rundunar masu korayen riguna ta nufo shi, ya tsaya da sungumi a sama.

Da la'asar muka zauna a zaurenmu, ƙafafu duk laka. Inna ta fito da shinkafa da wake a manyan akusa, mai yana ƙyalli, yaji a gefe. 'Yan ƙungiyarmu suka dawo daga gonaki ɗaya bayan ɗaya suka zauna. Ba a yi hira ba sai da aka ga gindin akushi. Lawandi ya kira ƙannena ya zaunar da su a gefensa suka ci tare. Inna ta leƙo ta bayan asabari ta ga haka, ta koma ciki.

Duk da haka, da na raka su mota, zuciyata a cunkushe take. Wata uku na taki da tubali da rijiya, ba a taɓa ƙwallo ko sau ɗaya ba. Na fara ba Lawandi haƙuri, ya katse ni.

"Ka kira mu, mun zo, mun ci. Saura ƙwallo. Ka dai roƙa mana ruwa, Habu, amin ɗinka da alama tana da ƙarfi."

Da ya san irin amin ɗin da na yi ranar Alhamis, da bai ce haka ba. Amma daga ranar na roƙa musu, kuma ban ƙara wata magana a ƙasan zuciya ba.

Damina ta yi mana kyau a shekarar. Bayan kwana shida wani ruwan ya zo, shuka ta kama. Aka sha wuyar noman farko da ciki wofi, ana cin tafasa da rama, har gero ya yi kai aka fara tumu. Geron Baba Sale ya fi na kowa a bayan gari, don gonar ta sha shuka a danshin farko cikin wuni ɗaya. Su Lawandi kuwa ruwansu ya makara sosai, na ji a kasuwa cewa abin da suka samu ba zai kai su bazara ba.

Bayan an yi girbi an ɗaure, wata safiya na ji sallama a ƙofar gida. Baba Sale ne da jaki, an ɗora masa dami huɗu. Ya ce in sauke.

"Ka sayar ka biya mai motar nan mai karkataccen layi. A kira yaran. Na kwashe karan, fili yana nan."

Na shiga jera godiya. Ya ce in bar godiya in nemi toka.

Aka buga wasan ranar wata Asabar da la'asar, gari duka ya fito. Baba Sale ya shimfiɗa buzunsa a bayan gidan da nake tsaro, karo na farko a rayuwarsa da ya zauna kallon ƙwallo, yana ta tambayata me ya sa ni kaɗai nake kamawa da hannu. Suka ci mu biyu da ɗaya. Na biyun ma laifinsa ne, don yana yi mini magana aka buga.

Da za su tafi, muka tarar an ɗaure dami uku a saman bas, Baba Sale yana tsaye yana duba ƙullin igiyar. Lawandi ya ce a sauke, ba za su zo su ci abinci su ci wasa sannan su tafi da hatsin tsoho ba. Na ga idonsa ya kaɗa, don ya san halin da ya baro a gida, ya kuma san mun sani.

Baba Sale ya ce, "Ba kyauta na ba ka ba, yaro. Wa ya sara ramin?"

Lawandi ya sunkuyar da kai.

"To geronka ne. Ka kai wa mahaifiyarka, ka ce ta ware na iri tukuna."

Motar ta tashi tana tangaɗi, zangarniyar gero tana lilo ta gefen gilashi. Na tsaya a bakin hanya har ta sha kwana, na ji wani nauyi da na ɗauka shekara guda cur ya sauka daga ƙirjina. Daɗi ya kama ni har na zauna a ƙasa, a wurin, da rigar ƙwallon a jikina.